Cigiyar da Mai Faci Bai Ji Ba

Rumfar Mai Faci ita ce ta ƙarshe a bakin gari. Daga ita sai hanyar da ta gangara rafi, sai dogayen ciyayi da kukan kwaɗi. A cikinta akwai injin iska mai tari kamar tsohon mashayin taba, da bahon ruwan da yake tsoma tub don gano huji, da wani benci mai gurguwar ƙafa. A jikin ginshiƙi an kafa ƙusa, a jikin ƙusar an rataye rediyo.

Rediyon nan ya girmi 'yarsa ta fari. An ɗaure bayansa da roba, eriyarsa kuwa wayar keke ce. Shekara da shekaru, da yamma ta yi sai ya murɗo tashar garinsu a karanta sanarwa: wane ya rasu, an yi wa wane haihuwa, ana cigiyar ɗan wane. Ba sau ɗaya ba aka tsinci ɓatacce a bakin rumfar, domin duk wanda ya ruɗe ya miƙe hanya, ta nan zai biyo. Mai Faci ya zaunar da shi, ya ba shi ruwa, ya aika a kira danginsa.

Sai 'yarsa ta dawo hutu daga makaranta da tsaraba. Wata 'yar na'ura ce da ba ta fi kwalin ashana ba, da siririyar wayar sawa a kunne.

"Baba, ka huta da shashshakar rediyon nan," in ji ta. "Na zuba maka fodkas. Hira ce ake naɗa, ka ji wadda kake so a lokacin da ka ga dama. Akwai tarihi, akwai ƙwallo, har da na kiwon kaji."

"Ni da ko kaza ɗaya ban ajiye ba?"

"Ka dai ji, Baba."

Ya ji, ya kuwa kamu. Mutumin da ya ƙare bakinsa wajen zagin yaran zamani masu toshe kunne, sai ga shi waya tana reto a gemu, yana ƙyalƙyala dariya shi kaɗai a kan taya. Matarsa ta ce yanzu in za ta yi masa magana sai ta taɓa shi tukuna. Batirin rediyo ya mutu bai sake wani ba, gizo-gizo ya samu wurin saƙa.

Wata yamma, rana ta yi ja, yana shafa sholisho, gam ɗin faci, a jikin tub, sai ga wata tsohuwa. Mayafinta shuɗi, takalmi a ƙafa ɗaya, ɗaya ƙafar ta yi futu-futu. Ta zauna a bencin. Mai Faci ba mugun mutum ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Ya ɗebo ruwa a kofinsa ya miƙa mata. Ta sha, ta yi magana, ya ga leɓɓanta suna motsi. Ta ɗaga yatsa ta nuna rediyon.

A kunnensa kuwa ana tsakiyar labarin wani jirgin ruwa da ya nutse, an zo daidai wuri mai daɗi. Bai cire wayar ba.

"Ya lalace, Iya!" ya ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryar kansa.

Ta daɗe tana kallon rediyon. Sannan ta ajiye kofin a hankali, ta tashi ta nufi gangaren rafi. Ya ɗauka 'yar ƙauyukan tsallake ce, ya ci gaba da aikinsa.

Bayan 'yan kwanaki, masu ɗibar yashi ne suka tsinci gawarta a cikin ciyayin bakin ruwa. Wani mai babur da ya tsaya a ƙara masa iska shi ya kawo labarin.

"Ai ita ce ake ta cigiya a rediyo. Tsufa ne ya taɓa mata tunani, ta fito ta kasa gane gida. Ɗanta da kansa ya je tashar yana kuka, safe da yamma ana sa muryarsa. Mai shuɗin mayafi. Kai ba ka ji ba?"

Mai Faci ya dubi bencin, ya dubi kofin. Ko matarsa bai iya gaya wa ba. Abinci ya daina yi masa daɗi. Maimakon ya jefar da na'urar, sai ya ƙara mata murya, don ita ce take hana shi jin abin da zuciyarsa take faɗa.

Wata rana bayan haka, an yi ruwa da rana. Almuru ya kawo jiki, hanya ta ɗauke ƙafa. Yana tattara libobin cire taya da sifanu zai rufe rumfa, wasu mutum biyu suna gardamar ƙwallo a kunnensa suna dariya.

Sai dariyar ta fara jan jiki. Ta yi kauri, ta yi ƙasa, ta mutu.

Shhhhh.

Ya san ƙarar nan. Shashshakar rediyonsa ce. Ya waiga ga ƙusa. Rediyon yana nan a rataye cikin yana, batirinsa a mace. A cikin kunnensa ƙarar take.

"Sanarwar cigiya," in ji muryar mai karanta sanarwa na tashar garinsu. Sai wata murya ta biyo, ta namiji, tana rawa.

"Inna, ni ne autanki. In kina jina, ki zauna inda kike. Kada ki tafi ko'ina, ga ni nan zuwa. Jama'a, duk wanda ya ga tsohuwa da shuɗin mayafi, don Allah ya riƙe mana ita."

Mai Faci ya danna makashin na'urar. Ya sake dannawa. Muryar ta koma farko.

Kwaɗi suka yi tsit.

Warin sholisho da roba ya gushe. Wani wari ya maye gurbinsa, na laka da jiƙaƙƙen zane.

A bayansa, gurguwar ƙafar benci ta bugi ƙasa. Ƙwas. Haka take yi in an zauna.

Ɗis. Ɗis. Ɗis.

Ya juya da ƙyar.

Tana zaune a inda ta zauna. Ruwa yana zuba daga mayafin, ciyawa ta maƙale a gashinta. Takalmi a ƙafa ɗaya. Ta ɗaga yatsa ta nuna ƙusa.

"Ɗan nan," ta ce can ƙasa-ƙasa, kuma duk da kunnensa a toshe yake, ya ji ta sarai. "Kunna min rediyon. In ji ko ana nemana."

Ashe abin da ta faɗa ke nan a waccan yammar. Tsoro ya kama shi, amma baƙin ciki ya fi tsoron ƙarfi. Hawaye suka zubo masa.

"Ana nemanki, Iya."

"Ba su neme ni ba. Na zauna, na jira. Ban ji an kira ni ba."

Ya zare kunne ɗaya na wayar ya miƙa mata. Yatsunta suka taɓi nasa. Sanyi ya ratsa shi har ƙashi.

Ta sa a kunne. Ta karkata kai. Fuskarta ta saki.

"Autana ne," ta ce. "Yana kirana. Raka ni gida, ban san hanya ba."

Ta miƙe. Ta nufi rafi.

Na'urar tana aljihun rigarsa, a rufe da maɓalli. Wayar da ƙaramin yaro zai tsinka da yatsa biyu, ita ta ja shi kamar igiyar sa. Ƙafafunsa suka bi ta ba da izininsa ba.

Tsakuwa. Ciyawa. Laka.

"Iya, ba nan ce hanyar ba!"

"Yana kirana."

Ruwa ya kama idon sawunsa. Ya kai gwiwa. Ya nemi addu'a, harshensa ya yi nauyi. A kunnensa ɗaya autan yana ta roƙo, ki zauna inda kike, ki zauna inda kike.

Ruwa ya kai ƙugu. Ƙasa ta fara zamewa a ƙarƙashinsa.

Ya kai hannu ya yage aljihun. Ya fizge wayar daga kunnensa, ya tura mata na'urar cikin tafin hannu.

"Riƙe, Iya! Taki ce. Ki yi ta jinsa."

Ta tsaya. Ta rungume ta a ƙirji da hannu biyu.

Jan ya sake shi. Ya faɗi da baya, ya sha ruwa, ya kamo ciyawa ya rarrafo waje yana haki. Da ya waiga babu kowa. Sai ɗan jan hasken na'urar a ƙarƙashin ruwa, yana nisa, yana nisa, har ya ɓace. Kwaɗi suka ci gaba da kukansu.

Ya sha jinya. Da ya ba da labari, matarsa ta ce aljanar rafi ce ta ari kamannin tsohuwar, maƙwabcinsa ya ce fatalwa ce. Bai yi musu da kowa ba. 'Yarsa ta ce za ta kawo masa wata na'urar, ya ce ta bari, Allah ya yi mata albarka. Ranar da ya koma rumfa ya share yanar rediyon ya sa masa sabon batir. Har yau ba ya kashe shi sai an gama sanarwa, kuma duk wanda ya zo wucewa a ƙafa shi kaɗai, sai Mai Faci ya ajiye aiki ya tambaye shi ina za shi.

Bayan damina ta wuce, wani mutum ya turo keke da sacewar taya.

"Sannu da aiki, maigida. A taimaka min da faci."

Liba ta faɗi daga hannun Mai Faci. Ya san muryar. Ya ɗauki tub ɗin ya tsoma a baho, ya daɗe yana kallon kumfar da take tasowa.

"Kai ne autan tsohuwar nan mai shuɗin mayafi?"

Mutumin ya sunkuyar da kai. "Ni ne. Ba rasuwar ce take hana ni barci ba, kowa zai tafi. Tunanin da nake yi, ta mutu tana zaton mun yar da ita."

"Ta ji ka," in ji Mai Faci.

"Kamar yaya?"

"Ta ji muryarka, ta gane ta. Ta ce autana ne, yana kirana."

Mutumin ya zura masa ido. Bai tambayi yaushe ba, bai tambayi a ina ba. Ya lallaɓa ya zauna a bencin, gurguwar ƙafar ta bugi ƙasa, ya rufe fuska da hannuwa yana kuka. Mai Faci ya sauko da kofin da ya daina sha da shi tun waccan yammar, ya wanke, ya cika shi da ruwa ya miƙa masa.