Sitaci a Bandeji

Mutum na huɗu ya rasu da hantsin Talata, a wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke bayan kasuwar Nima, cikin 1988. Shi ma da ɗan rauni ya shigo, sai fumfuna ta tsiro a ciki, ta ƙi jin kowane magani. Sajan Jalilu na 'yan sanda ya iso bincike ransa a ɓace. Yayansa Ƙasimu mahauci na kwance a asibitin da irin wannan raunin, kuma likita ya ce in abin ya ƙara ci, sai an yanke masa ƙafa.

Ya fara da nas Alima.

"Wa ke wanke raunin?"

"Ni, Masa," in ji ta, wato yallaɓai. "Almakashi kuma a gaban likita nake dafawa."

Likita ya tabbatar. Maganin ma an gwada, na gaskiya ne.

"Ba ki ga wani abu daban ba?"

"Bandejin dai. In aidin ya taɓa shi sai ya koma shuɗi."

"Sitaci ne ke yin haka," in ji likita.

Jalilu ya buɗe sabon ƙunshi. Fari fat, ga tauri kamar wuyan riga. Ya sa aka kira Iddrisu mai kula da sito.

"Kafin nan wane aiki kake yi?"

"Wanki da guga a Sabon Zongo, shekara ashirin. Manyan malamai, ni ke yi musu rigar Juma'a." Har da ɗaga kai.

"To wane kamfani ke sa wa bandeji sitaci?"

Nan Iddrisu ya faɗi gaskiya.

Sabon bandeji masu kemis na Maamobi yake sayar wa. Wanda aka cire daga raunin mutane shi yake tsincewa a shara, ya wanke da ruwan sanyi, ya mayar cikin takarda tun da danshi. Hannun mai wanki kuwa bai iya barin farin kaya ba sitaci. A shafa magani, a naɗe da cutar da abincinta, don sitaci abincin fumfuna ne.

"Wallahi na wanke shi tas, Masa. Ya fi sabo haske."

"Haske? Mutum huɗu, Iddrisu!"

Jalilu ya ji kamar ya shaƙe shi, amma ankwa kawai ya buga masa.

An gano a makare. Ranar Alhamis aka yanke ƙafar. Da Ƙasimu ya farfaɗo, ya daɗe yana kallon farin bandejin da ke naɗe a gwiwarsa.

"Jalilu," ya ce, "wannan ka duba shi?"