Masu Kujerar Baya

Ranar da abin ya fara ba wata rana ba ce ta daban. An idar da sallar magariba, Mai Firiji yana zaune a bakin ƙofar ɗaki yana wanke maiƙon hannunsa a cikin roba. Matarsa tana kwance a ciki, ɗazu aka dawo da ita daga wankin ƙoda, kuma ranar wanki ba ta son magana. Auta, 'yarsu mai shekara goma sha shida, tana kwashe shanya daga igiya. Motarsa tana tsaye a tsakar gida, ta cinye rabin filin.

Sai wani abu ya faɗo kan kwanon rufi, ya gangaro, ya tsaya gaban ƙafarsa. Noti ne mai tsatsa, da ɗuminsa kamar yanzu aka kwance shi. Ya ɗauka, ya juya shi, ya ajiye. Na biyu ya faɗo. Na uku ya sami bokitin wanki. Bai tashi ya leƙa bayan katanga ba, bai zagi 'ya'yan maƙwabta ba. Jinyar shekara biyu ta cinye masa mamaki tas.

"Baba, jifa ake yi," in ji Auta.

"Na gani. Shiga da kayan."

Motar watanta biyu a gidan. Kafin zuwanta, duk Talata da Asabar yakan tsaya da matarsa a bakin titi tun da sassafe, tana jingine da kafaɗarsa, motocin haya suna wucewa a cike. Sau biyu suka rasa layinsu a na'urar wanki. A na biyun ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, numfashi ya riƙa yi mata gardama. Likita bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi kada a sake. Shi ne ya sayar da ɗan filin da ya gada, asibiti ta ci nata, ya ƙulle abin da ya rage ya nufi garejin abokinsa bakanike, wanda kowa ke kira Sifana.

In ka ji ta bakin Sifana, ba a ƙera motar da za ta yi masa ƙarya ba. "Ni da kunne nake gano ciwon inji. Kai dai riƙe ɗan kuɗinka, ka rufe bakinka, kada dillali ya ga haƙoranka." Sati uku suna yawon wuraren dillalai. Mota ta farko ja ce, sai sheƙi take yi. Sifana ya zaro maganaɗisu daga aljihu ya manna a ƙofarta, ya zame ya faɗi ƙasa, ya ce rabin jikinta ciko ne, ta taɓa kifewa. Ta biyu sun tarar da injinta da ɗumi tun da safe, ya ce an ɗumama ta ne don kada a ji tarinta, ya sa aka taka mai, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe dillalin har da hularsa. Ta uku lafiyayya ce, sai dai kuɗinta ya yi biyun nasu. Suka shafa ta suka wuce.

Ta huɗu ba a wurin dillalai take ba. A bayan wani rufaffen gida take, mai shi ya rasu, magada sun watse, ita kuma ta shekara biyar a ƙarƙashin bishiya, tayoyi sun kwanta, busasshen ganye ya cika bakin gilashi. Ruwan toka ce, mai faɗin baya, irin wadda mara lafiya zai miƙe ƙafa a ciki. Robar birkinta ko gogewa ba ta yi ba. Sifana ya ɗora sabon batir, ya zuba fetur, ya murɗa makulli sau ɗaya, ta tashi sumul kamar jiya aka kashe ta. Shi kansa sai da ya ja da baya, amma da yake bakinsa ya fi shi sauri, ya ce, "Ka gani ko? Hannu ne." Magajin da ya zo da takardu ya faɗi farashi mai arha har da ban kunya, bai tsaya ciniki ba, bai kuma yarda ya matso kusa da ita ba.

Tun daga ranar ba ta taɓa tsayawa a hanya ba. Ba su sake makara ba. Kumburin matarsa ya sauka, har takan zauna a tsakar gida ta tsefe wa Auta kai.

Jifan bai tsaya a rana ɗaya ba. Da rana ta faɗi zai fara, da an yi isha'i ya ɗauke. Mai Firiji ya riƙa tsince notunan yana zubawa a gwangwanin madara. Sai kuma aka fara jin motsi a cikin motar, ƙarar cokali a kwano, kukan jariri can ƙasa-ƙasa, da tarin wata tsohuwa. Gilasan baya sukan yi gumi daga ciki. Bayan motar yakan zauna sosai a kan tayoyi kamar an yi mata lodi, alhali ba kowa. Duk ya gani, duk ya ji. Da safe kuwa ya goge gilashi, ya murɗa makulli, ta tashi.

A rana ta tara aka nemi Auta aka rasa. Mai Firiji ya same ta a kujerar bayan motar, ƙofofi huɗu a kulle, makullin kuwa yana aljihunsa. Ta duƙa, ta dafa gwiwa da hannu biyu kamar mai ciwon baya, tana tauna bakin da babu komai a ciki. Ya ƙwanƙwasa gilashi. Ta juyo a hankali, ta dube shi irin kallon da ake yi wa ɗan haya.

"Rufe mana gida, iska na shigowa," ta ce, da wata murya da ta tsufa ta dushe.

Da aka kira isha'i ta buɗe da kanta ta fito, ta wuce ɗaki ta kwanta. Haka gobe, haka jibi. Ta daina cin abinci, ta daina zuwa makaranta, wuyanta ya fito. Matarsa ta ce a kira malami. Ya ce to. Ya kwana biyu bai kira ba, kuma bai tambayi kansa dalili ba. Sai da ta ce in bai je ba ita za ta ja ƙafa ta je, sannan ya je.

Malamin tsoho ne siriri mai tabarau, a ƙafa ya zo, riƙe da gorar ruwa. Bai fara tambayar yarinyar ba. Motar ya zagaya sau ɗaya, ya tsaya.

"Da ka je ɗaukarta, ka yi sallama?"

"Wa zan yi wa sallama, Malam? Mota ce."

"Abin da ya shekara biyar a rufe ba a shigarsa haka nan."

Rana ta faɗi. Auta ta fito daga ɗaki ba takalmi, ta shiga kujerar baya. Wannan karon ba ta ja ƙofar ba. Malam ya sa aka kawo masa kujera, ya zauna daf da ita ya fara karatu, ba ihu, ba gaggawa. Notuna suka riƙa zubowa kan rufi kamar farkon ruwan sama. Ya ci gaba. Tsakar gidan ya yi duhu, ba wanda ya tuna da kunna fitila. Can yarinyar ta toshe kunnuwa ta ce, "Ya isa, ɗan nan. Kana ƙona min jikoki."

"Wace ce ke?"

"Mai gida. Shi ya duba ya zaɓa, mu ma mun duba mun zaɓa, kuma mun riga shi. Ba ta yoyo, ba ɓera, ba mai leƙe. Kana tsammanin mu ba mu san tsadar muhalli ba?"

"Me ya haɗa ki da yarinya?"

Tsohuwar ta yi dariya da bakin Auta, dariyar ta ƙare da tari. "Tambayi uban. Ka ce ya faɗa maka me ke tafiya da motar nan. Injinta ya mutu tun kafin mai ita ya mutu. Mu ne. Ni da 'ya'yana muke ɗauke da ita, Talata da Asabar, hawa da gangara, ba sannu ba na gode. Na tsufa, ƙashina ciwo yake yi. In na dawo ina son wuri mai ɗumi in huta."

"Jikin mutum ba masauki ba ne. Za ki fita."

"Ba da kai nake ciniki ba, Malam. Da mai mota nake." Ta juyo da idanun Auta kan Mai Firiji. "Ka bar min ita daga magariba zuwa isha'i kawai. Zan bar ta ta ci abinci, ta je makarantarta. Ni kuma motar nan ba za ta taɓa tsayawa da matarka a hanya ba, muddin tana numfashi. In na fita, da ƙafafun motarka zan fita. Faɗi da bakinka."

Jifan ya tsaya. Gidan ya yi tsit.

Mai Firiji yana tsaye, hannuwansa a sake. Ya san amsar, kowane uba ya santa. Amma abin da ya zo masa shi ne bakin titi da sassafe, da nauyin kan matarsa a kafaɗarsa, da takalmin da ya ƙi shiga. Ya nemi tsoro a ƙirjinsa bai samu ba, ya nemi fushi bai samu ba. Jibi Asabar, abin da ke kansa ke nan. Malam ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar. Har yanzu Mai Firiji bai ce komai ba.

"Fita daga jikin 'yata."

Matarsa ce. Ta jawo jiki har bakin ƙofa, ta riƙe ƙyaure da hannu biyu. "Fita. In kumbura ne in kumbura, in mutuwa ce in mutu. Ba da ita za a biya min kuɗin mota ba."

"Ki fita," in ji Mai Firiji, a bayanta. Muryarsa ta fito ƙarama.

Tsohuwar ta daɗe tana kallon matar. "Ke kam kin fi shi nauyi, na sani tun a hanya," ta ce. Sannan ta nemi a buɗe ƙofofi huɗu da but ɗin zuba kaya, kowa ya juya baya, kada a kalli iyalinta suna kwashe kaya. Malam ya ce ta yi alkawarin ba za ta dawo ba, kuma ta nemi kangon da ba ya kusa da mutane. Ta yi gunaguni, ta yi alkawari. Suka juya baya. Suka ji ƙarar kwanuka, da jan wani abu mai nauyi a ƙasa, da kukan jariri yana nisa. Ƙarfen motar ya yi ƙara, bayanta ya ɗago. Auta ta yi atishawa sau uku, ta ce, "Umma, yunwa nake ji."

Da safe ya murɗa makulli, ko ƙas ba ta ce ba. Sifana ya zo da kayan aikinsa yana cewa batir ne, ba wani abu ba. Ya canja batir, shiru. Da ya kwance kan injin ya leƙa, sai ya zauna a ƙasa. Ciki ya bushe ƙurmus, tsatsa ta haɗe komai wuri guda, rabin notunan babu. Ya goge hannunsa da tsumma. Daga baya ya ce, "Sai dai masu sayen ƙarfe."

Ranar Asabar suka fito bakin titi tun gari bai gama wayewa ba. Matarsa ta zauna a kan 'yar kujerar da suka ɗauko, ta rufe ido. Auta tana riƙe da jakar asibiti. Motocin haya suna wucewa a cike, yana ɗaga hannu, yana saukewa.

"Baba."

"Na'am."

"Duk abin da take faɗa da bakina ina ji fa. Magana ce kawai ba na iya yi." Ba ta dube shi ba, titi take kallo. "Har Malam ya cire tabarau, ya goge, ya mayar."

Ya buɗe baki. Ya so ya ce gajiya ce, ya so ya ce dama zai ƙi. Ya duba cikinsa bai tabbata ba.

"Haka ne," ya ce.

Wata tasi ta rage gudu, direban ya leƙo ya ɗaga yatsu biyu. Suka kama matar tare suka shigar da ita, suka gyara mata ƙafafu. Wuri ɗaya ya rage. Ya dafa ƙofa zai shiga, sai ya tarar Auta ta riga ta zauna, jakar tana kan cinyarta.

"Ni zan kai ta," ta ce. "Ka biyo mu in ka samu."

Ta ja ƙofar a hankali ta rufe. Tasi ta tashi. Ya ɗauki 'yar kujerar ya riƙe a hannu ɗaya, ya ɗaga ɗayan wa motar da ke tafe.