Hawa Huɗu Babu Igiya

Kwanon ful, dafaffen waken da na ɗauko masa tun daga unguwarmu Umbadda, ya suɓuce daga hannuna!

Can sama na hango Muhajir, wanda zan aura, a hawa na huɗu, yana taka siririn ƙarfe kamar mai tafiya a tsakar gida. Babu igiya a ƙugunsa. Babu sagala, matakalar da masu haɗa ƙarfen gini ke tsayawa a kai.

Na kasa kiran sunansa, kar ya waiwayo...

Sai da ya sauko na samu bakin magana.

"Ina igiyarka?"

"Habibti, me ya kawo ki unguwar Sahafa cikin wannan rana?"

"Muhajir, ina igiyarka? Ina sagalar da ka ce ka yi cinikinta?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ikhlas, kwangilata ta farko ce. Injin walda ya ci nasa, janareta ya ci, hayar kireni, lasisi, leburori... Abin da ya rage na sagala da igiyoyi ne. Sai Hajja ta aiko a ƙara gwal a shaila."

Shaila! Kayan da ango ke kai wa gidan amarya. Tun da ɗan ƙanwarta Nasrullahi ya dawo daga Jidda yana zuba mata turare, mahaifiyata take ƙara wa Muhajir nauyi, ko zai gaji ya janye.

"Wato awarwarayen da ke cikin akwatina..."

"Wata ɗaya ne kawai, ya ruhi. Na saba."

 Na tari amjad, ƙaramar motar haya, sojojin bakin gada suka tsayar da mu, ni dai kuka nake.

Washegari na loda akwatunan a raksha, keken haya mai ƙafa uku, na kai gidan su Muhajir a unguwar Alsawra, na ajiye wa mahaifiyarsa don a sayar a sayi igiya. Kunya ta hana ni bayani, na juyo da gudu.

Kuskurena ke nan. A wurinmu, mayar da shaila fasa aure ne!

Kafin la'asar Nasrullahi ya baza labari, har ya turo a tambayi ranar da zai kawo tasa.

Bayan magariba Muhajir ya yi sallama, idanunsa jajir. Yaba, mahaifina, na zaune a kan angarib, gadon igiya, Yumma, mahaifiyata, na tsaye.

"Ammi Ɗantsoho," ya ce wa Yaba, "na zo ne in ji laifina."

"Khalas!" in ji Yumma. "Magana ta ƙare. Yarinya ta yi hankali. Mai walda!"

Ni da ko gaisuwa sai na haɗa da in'ina, ban san lokacin da na fito daga bayan labule ba.

"Yaba, ban fasa ba! Wallahi ban fasa ba!"

"Ke Ikhlas! Gaban maza?"

"Yumma, da kuɗin igiyarsa ya sayi gwal ɗin nan. Hawa huɗu yake hawa haka nan! Gara in shiga gidansa da tsohon mayafina na tob, da in sa farin takaba da awarwaro a hannu..."



Yaba ya dubi Muhajir.

"Gaskiya ne, ya waladi?"

"Gaskiya ne, Ammi."

"Sakarai! Da ka faɗo, wa zan aura mata? Akwati?" Ya juya ga Yumma. "Kulu, ke kika ƙara?"

Yumma ta kau da kai. "Me mutane za su ce?"

"Su ce abin da suka ga dama. Gobe ka kai gwal ɗin kasuwa, ka sayi kayan aikinka. Juma'a bayan salla a ɗaura. Shaila kuma sai bayan ka sa rufin ginin."

Muhajir ya durƙusa a gaban Yaba.

Yumma ta share ido da gefen tob, ta harare shi.

"In ka sake hawa babu igiya, ni zan turo ka da hannuna!"