Duron Da Aka Rubuta Wa Lemu

Ƙarfe tara saura kwata Sufeto ya shiga siton zuma da ke bayan layin masu kayan gini. Gawar mai siton na kwance a ɗakin ciki, tsakanin durorin roba, kumfa ya bushe a bakinsa, cokalin katako na gefen hannunsa. Sufeto ya tsuguna ya buɗe idon mamacin. Ƙwayar ta ƙanƙance kamar kan allura.

"Wa ya fara ganinsa?"

"Ni ce, Yallaɓai," in ji wata budurwa da ke jingine da ƙofa. Auta ce, 'yar marigayin, ita ke ɗura zuma a kwalabe. "Jiya ya kwana wajen amyoyinsa, ni kuma ban zo aiki ba. Duk duron da aka cika ba ya nan, sai ya ɗanɗana da safe."

Sufeto ya ɗaga cokalin da hankici. Zumar da ta maƙale a jikinsa baƙa ce. Ya dubi duron da ke buɗe, an rubuta masa "Lemu" da fenti.

Auta ta leƙa ciki, ta ja da baya.

"Wannan ba zumar lemu ba ce."

"Zuma ai zuma ce."

"A'a, Yallaɓai. Furen da ƙudan ya sha, shi ke fitowa a zumar. Ta lemu fara ce tas, ƙamshin furen na tashi. Ta mangwaro ja ce, mai kauri. Wannan baƙar ta bishiyar turare ce, ɗanɗanonta na da ƙarfi, ko me aka zuba ciki sai ta danne shi."

"Wa ke da amya a wajen bishiyoyin turare?"

Ta sunkuyar da kai. "Baffa."

Baffan yana tsakar gida a kan benci, dogon mutum mai furfura, ƙanen marigayin uwa ɗaya uba ɗaya. Tun kafin a tambaye shi ya fara rantsuwa.

"Ni yanzun nan na zo, ranka ya daɗe. Yarinyar nan ce ta kira ni. Zumar da na kawo jiya kuwa ta gonar lemu ce."

"A me ka ɗauko ta?"

"A bokitanmu. Yaya ba ya yarda da wani mazubi. Ya ce zuma mayya ce, duk warin da ta tarar sai ta shanye."

Saje, wanda suka zo tare da Sufeto, ya fito daga bayan sito da jarkoki biyu shuɗaye. An kankare takardar jikinsu, amma a gindin ɗaya zanen ƙoƙon kan mutum bai gama fita ba. Cikinsu na danƙo da baƙar zuma, warin maganin feshi na bugun hanci.

"Ban san su ba," in ji Baffa.

Auta ta fito daga ɗakin kwalabe kamar wadda ta ga maciji.

"Yallaɓai, babu kwalaben yau. Arba'in ne, kuma daga duron nan ake ɗura su. Motar rabo ta fita da su."

Sufeto ya juyo. "Zuwa ina?"

"Kantuna, da gidajen masu saye. Akwai ma wani asibitin haihuwa."

Ya kira lambar direban. Ta yi ta ringi har ta katse. Ya sake, ta sake katsewa. Ya sa Saje ya sanar da 'yan sintiri lambar motar. A ransa yana hango mata suna buɗe murfi, suna lasa wa yara. A kira na biyar direban ya ɗauka.

"Tsaya inda kake. Ka sauke ko ɗaya?"

"Ban kai ko'ina ba, Yallaɓai, taya ce ta yi faci."

Sufeto ya sauke numfashi. "Wa ya yi maka lodi?"

"Baffa mana, wajen bakwai da rabi. Ya ce Maigida na hutawa a ciki, kada in tashe shi."

"Ƙirga kwalaben."

Aka ji ƙarar kwalabe yana ƙirgawa.

"Talatin da tara. Af, na manta. Matar Baffa ta tare ni a kwana ta karɓi ɗaya, wai jikanta na tari."

Sufeto ya kashe wayar, ya dawo gaban bencin. Bai ɗaga murya ba.

"Ka ce zumar lemu ce, lafiyayya. To, babu damuwa. Matarka ta ɗauki kwalba ɗaya za ta ba jikanka."

Baffa ya miƙe zumbur, ya durƙusa a gaban Sufeto. Ya zaro waya ya miƙa musu.

"Ku kira ta. Don girman Allah ku kira ta, guba ce."

Auta ta karɓi wayar ta kira, ta sa kowa na ji. Ringi ɗaya, biyu, har shida. Can matar ta amsa, ana jin tarin yaro kusa da ita.

"Inna, kin ba shi zumar?"

"Yanzu dai na matse lemun tsami, murfin ne ya ƙi buɗuwa. Lafiya?"

"Ki ajiye ta. Kada ki taɓa, ga 'yan sanda nan zuwa."

Baffa ya kifa fuskarsa a ƙasa yana kuka. Ya ce zumar lemunsa ta yi tsami don ya bar ta a buɗe ta sha danshi, kuma Yaya ya riga ya yi masa gargaɗin ƙarshe. Shi ne ya kwaso ta turare cikin gaggawa, bokitai suka ƙare, ya ɗauraye jarkokin feshi sau ɗaya ya zuba, ya kawo ya juye a duron lemu, ya ɗura kwalaben da kansa. Da safe a gabansa Yaya ya sha cokali uku yana tambayar me ya sa ta yi baƙi, sai numfashinsa ya fara sarƙewa.

"Kana ganinsa yana shure-shure," in ji Sufeto, "ka ja masa ƙofa, ka je ka loda mota."

"Tsoro ne ya kama ni."

Saje ya danna masa ankwa. Da za su wuce, Baffa ya tsaya gaban Auta, ya buɗe baki zai yi magana. Ta matsa gefe ta ba su hanya, ta shiga ɗakin ciki, ta cire mayafinta ta rufe fuskar mahaifinta.