Gurbin Yatsa Ɗaya

To, ku matso ku ji, 'ya'yan nan. Lokacin ina aikin dare a masana'antar cokula a garin Mit Ghamr na ƙasar Masar, ni ce a kan injin matse ƙarfe, mai ƙaton wilin nan a gefe. Dokarmu ɗaya ce: ko wuta ta ɗauke, ba a kai hannu bakinsa sai wilin ya tsaya cik, domin da sauran sara ɗaya a cikinsa.

Ran nan wuta ta ɗauke, kowa ya fice shan shayi, aka bar ni ina laluben takalmi. Sai ga murya a kafaɗata, mai sanyi, babu numfashi a cikinta, tana kiran sunana.

"Sitt Sabriya, cokali ya maƙale. Ciro shi mana, kar Usta, shugaban aiki, ya yi faɗa. Ai injin ya tsaya."

Na kasa kunne. Wilin yana ta shuu a hankali, iskarsa na kaɗa mini mayafi.

Na ce, "Ya tsaya a gidanku! Naka hannun ciwo yake yi?"

"Naki ya fi siranta, uwata."

"Da shi nake kwaɓa wa yarana gurasa, ɗan nema. Ba na aro ba ne."

Na ƙyasta ashana. Hannun da ke nuna mini bakin injin, yatsunsa ba na mutum ɗaya ba ne. Wani baƙi, wani da lalle, ga babban yatsan Usta Mitwalli mai tsagaggen farce, yatsan da injin nan ya cinye bara. Kusa da shi kuwa gurbi ne, daidai kaurin yatsana.

Na dunƙule hannuna, na cusa a hammata.

Na ce, "Wallahi sai dai ka kwana a haka."