Taƙin Hannun Thaddeus

A garin Opelousas, gidan Guillory mutum biyu ne kacal: Mama Odile, mai dafa wa 'yan firamare abincin rana, da ɗanta Thaddeus, wanda kowa ke kira Tad. Suna da rufin asiri, suna da maƙwabta na kirki, kuma Tad ne mai jifa a ƙungiyar ƙwallon jami'arsu, irin ƙwallon Amurka da ake jifa da hannu, duk wasa daga hannunsa yake tashi. Abu ɗaya ya rasa, shi ma bai kai faɗin farce ba. Ƙungiyoyin ƙwararru ba sa son mai jifan da taƙin hannunsa, daga kan babban yatsa zuwa kan ƙarami, bai cika inci tara ba. Sun ce ƙwallo za ta suɓuce masa ranar ruwan sama. Na Tad ya gaza da ɗan kaɗan.

Wannan ɗan kaɗan ɗin ne ya kai shi asibitin gashin ƙashi, inda ya tarar da wata ɗaliba mai koyon aiki tana naɗe tawul. Sunanta Lenora Batiste.

"Ina ke ciwo?" in ji ta.

"Babu inda ke ciwo."

"To gaishe mu ka zo yi?"

Ya miƙa hannu yana kallon ƙasa. "An ce in ana ja, yana ƙaruwa."

Ta ɗora tafinta a kan nasa, nata ya ɓace gaba ɗaya. Ta yi dariya. "Kai, wannan ai shebur ne. Wa ya ce maka ƙarami ne?"

"Masu tef ɗin awo."

Ta daina dariyar, ta ja kujera. "Zai buɗe, amma a hankali. Kullum kaɗan. In ka matsa masa zai rama, ka ji na gaya maka."

Ya ji. Sai dai lokacin idonta yake kallo.

Kafin hunturu ya wuce, saƙonni sun fara kai da kawowa.

"Likita, yatsuna sun ce in gaishe ki."

"Ka ce musu su huta, gobe akwai wuya. Kai ma ka huta, Ɗan Taƙina."

"In suka kai tara, me zan samu?"

"Abin da ka riga ka samu tun suna takwas."

Wata Lahadi bayan coci ta kai shi gidansu. An zube jatan lande dafaffe da barkono da masara a kan tebur mai shimfiɗar jarida. Mahaifinta, Mista Ambrose, mai gyaran injin kwale-kwale, ƙato ne marar yawan magana. Ya karɓi hannun Tad, bai saki ba, ya juya shi ya duba.

"Bai kai tara ba."

"Kaɗan ya rage, yallaɓai."

"Kowa haka yake cewa." Ya koma ɓare jatan landensa. Da Tad ya tattaro ƙarfin hali ya faɗi abin da ya kawo shi, dattijon ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. "Ba zan ce maka komai a kan 'yata ba sai na ga yammacin Asabar ɗin zaɓe."

"Haba Baba!"

"Na gama magana, Lenora."

Kwana uku ƙungiyoyin ƙwararru ke yi suna zaɓen sababbin 'yan wasa, daga Alhamis zuwa Asabar, kuma kafin a faɗi sunan mutum a talabijin sai wayarsa ta yi ƙara. Tad ya fito daga gidan da fassara ɗaya a ransa: in wayar ba ta yi ƙara ba, babu Lenora. Daga ranar abinci ya daina yi masa daɗi. Yana tuƙi yana buɗe yatsu a kan sitiyari. Ko a coci, ana waƙa, shi yana auna littafin waƙoƙin da taƙinsa.

Sai ga Kendrick Sonnier, ɗan cocinsu, mai jifan wata babbar jami'a, dogo, hannu kamar faranti. Kafaɗa ya kawo gashi, amma ya fi daɗewa a teburin Lenora.

"A'a, ƙanena! Ja aka zo yi?" in ji shi, yana murza kan Tad. "Ka bari in an gama auna nawa in ara maka."

Ranar Lahadi Tad ya hango shi a ƙofar coci, Mista Ambrose na dafa kafaɗarsa suna dariya. Shi bai taɓa ganin haƙoran dattijon ba.

Da ya koma gida ya sami wani guntun katako, ya cusa tsakanin babban yatsa da ƙarami, ya ɗaure da tsumma. Kullum sai ya ƙara wanda ya fi tsawo. Saura 'yan kwanaki gwajin da ake yi wa 'yan wasa kafin zaɓen, yana dannawa, sai ya ji ƙas a gindin babban yatsan. Zufa ta karyo masa. Bai gaya wa kowa ba.

Lenora na taɓa hannun ta gane.

"Me ka yi?"

"Ba komai."

"Thaddeus, dubi kumburi! Ban ce maka a hankali ba?"

"A hankali? Babanki a hankali zai jira ni? Ke me kika sani a kan abin da ke kaina? Je ki ja na Kendrick, ai shi ne na gida."

Ta dube shi ta daɗe. Ta naɗe masa yatsan da ƙanƙara tsaf, ta koma kan aikinta.

Ranar gwaji aka tsayar da 'yan wasan da gajeren wando, ba riga ba takalmi, wakilan ƙungiyoyi zaune jere suna kallo. Aka auna tsayi, aka auna nauyi. Aka ce ya shimfiɗa hannu a tebur. Ya buɗe, zafi ya harba har gwiwar hannu, yatsan ya ƙi zuwa inda ya saba zuwa.

"Takwas da uku bisa huɗu!" mai awon ya ɗaga murya, yadda na baya ma za su ji.

Duk wahalar watanni ta koma inda ta fara. Ya yi gudu mai kyau, ya yi tsalle mai kyau. Amma da aka zo jifa, ƙwallo ta riƙa fita tana rawa. Wakilan suka sunkuya suka yi rubutu, babu wanda ya ɗago ya dube shi.

Alhamis ɗin zaɓe, tun kafin a je ko'ina, aka kira Kendrick. Tad ya gan shi a talabijin yana sa hular sabuwar ƙungiyarsa. Ya duba waya. Babu kira, babu saƙon Lenora. Juma'a ma haka.

"Kai ma ka san ba a kiran wayar mai jiran zaɓe," in ji Mama Odile. "Ko fasto bai kira ba."

Ya sani. Amma tsoro ya ce masa ita ba don haka ta yi shiru ba.

Ranar Asabar maƙwabta suka cika falo a kan kujerun da aka aro daga coci. Tukunyar gambo, miyar gargajiyar garinsu, na kan wuta tun safe. Can sai ga Mista Ambrose da Lenora, suka zauna a baya kusa da ƙofa. Tad bai iya juyawa ba. Wayar na kan tebur, kowa na satar kallonta.

Sau ɗaya ta yi motsi. Falon ya ɗauke wuta, wata tsohuwa ta dafe ƙirji tana kiran sunan Allah. Tad ya ɗauka. Kantin magani ne, suna tuna wa Mama maganin hawan jininta.

Sunaye suka yi ta wucewa. Rana ta yi sanyi. Aka faɗi suna na ƙarshe, wani yaro ne daga arewa.

Tad ya damƙe wayar, bangon gabansa yana kiransa ya maka ta. Sai ya ga mahaifiyarsa tsaye a ƙofar kicin, ludayi a hannu, tana tsoron fuskarsa. Bai taɓa ganin ta ji tsoronsa ba.

Ya ajiye wayar a hankali. Ya miƙe.

"Jama'a, gambo dai ba ta yi wa kowa laifi ba," in ji shi. "Tun safe Mama ke kanta. Wanda ya fita bai ci ba, ni da shi ne."

Ya karɓi ludayin ya zuba wa kowa da kansa, yana gode musu ɗaya bayan ɗaya. Da ya iso kan Lenora ya tsaya da kwano a hannu.

"Likita, na yi miki maganar banza. Ki yafe mini. Ko da wannan ne kwano na ƙarshe da zan miƙa miki."

"Kwana uku ina rubuta saƙo ina gogewa, kar in tare maka layi," in ji ta, hawaye na zuba. "Wawa kawai. Ba ni abincina."

Da mutane suka watse ya fara loda kujerun coci a bayan mota. Sai ya ji an ɗauki biyu a gefensa. Mista Ambrose ne.

"Na san na faɗi, yallaɓai."

"Wa ya ce maka?" Dattijon ya jera kujerun. "Ni ma na taɓa zama irin wannan zaman, lokacin ina ɗan wasa. Damtsena ne ya gaza tsawo. Na san maza da yawa da suka tashi daga kujerar nan, matansu ba su sake gane su ba. Ban ce sai an kira ka ba, yaro. Cewa na yi sai na ga yammacin Asabar. To na gani."

Ya miƙa hannu. Wannan karon bai juya na Tad ya duba ba.

"Gobe bayan coci ka zo da mahaifiyarka."

Daga baya wata ƙungiya ta gayyaci Tad gwaji, ya je, suka sallame shi, ya dawo ya kama koyar da wasanni a sakandaren garin. A watan Yuni aka ɗaura auren. Kendrick ya aiko da tukunyar dafa jatan lande wadda sai mutum biyu suka ɗauka. Mama Odile ta yi kuka har hularta ta karkace, tsofaffin coci suna ta sa albarka: Allah ya ba da zaman lafiya, Allah ya kawo zuri'a, masu manyan hannu ko ƙanana.

Da Lenora za ta sa masa zobe, ta buɗe tafinsa ta ɗora nata, kamar ranar farko.

"Nawa ne yau, Likita?" ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"Ya isa," in ji ta.

Shekararsa ashirin da biyu ranar, yaro ne har yanzu a idon mahaifiyarsa. Abin da yaron ya fahimta shi ne, duk watannin nan yana tsoron awon da za a yi masa a kan tebur, alhali wanda zai ba shi Lenora yana jiran ya ga abin da zai yi da hannun bayan an ce bai kai ba.