Yini Ɗaya a Jidda

Da hantsi wani likita ya kira ofishin 'yan sanda na Ƙuba, ya ce ba zai sa hannu a takardar jana'izar wani tsoho ba sai an zo an gani. Insfekta Saifuddeen aka tura, don shi ne mai jin Hausa. Jikan Takari ne, haifaffen Madina, Hausarsa duk ta kakarsa ce.

Gidan na bayan wata tsohuwar gonar dabino. Mamacin Malam Ƙasimu ne, tela, wanda ya tsallako daga Sudan a jirgin ruwa yana saurayi. Kowa a unguwar ya san burinsa ɗaya ne: ya mutu a Madina, a binne shi a Baƙi'a. Saboda haka ko biki ba ya fitar da shi daga garin.

Ɗansa Bakri, direban tasi, shi ya tari Insfekta, idanunsa jawur.

"Da asuba na shigo tashinsa, na same shi haka, rai ya yi halinsa. A gadonsa ya cika."

Saifuddeen ya ɗaga mayafin. Tsohon na kwance ta gefen dama, amma gwiwoyinsa a lanƙwashe suke, sun sandare, kamar mai zaune a kujera. Likitan ya raɗa masa cewa tun jiya da yamma rai ya fita.

"Jiya ina ya yini?"

"A gida. Ina Baba zai je?"

Insfekta ya fita ƙofar gida, inda masu gaisuwa suka fara taruwa. Ya ja wani dattijo gefe, Hamid, abokin sahun mamacin.

"Kawu, yaushe rabonka da shi?"

"Shekaranjiya. Jiya Asabar, wallahi na tsare masa wuri a masallacin Ƙuba har na gaji. Ƙasimu bai taɓa fashin Asabar ba. Na buga ƙofa, Zulfa ta ce barci yake."

Zulfa matar Bakri ce. Insfekta ya same ta a kicin, ta tsura wa tukunyar shayi ido. Ƙarya ba sana'arta ba ce, da gani ka sani, domin tun kafin a tambaye ta take ba da amsa.

"Barci yake, wallahil azim."

"Ban tambaye ki ba tukuna, Hajiya. Mene ne a cikin wancan akwatin ƙanƙarar?"

Bai jira ta ba, ya buɗe. Ƙarnin kifi ya buge shi. Manyan kifaye ne jajaye, ƙanƙarar ta narke a kansu, ledar ɗauke da sunan wani shago a kasuwar kifi ta Jidda. An manta da su, kamar yadda ake manta komai ranar mutuwa. Zulfa ta rufe fuska da gyale ta fashe da kuka.

Saifuddeen ya nemi makullin tasin. Kujerar gaba an kwantar da ita baya kaɗan. A ƙarƙashinta ya ga takalmin tsoho ƙafa ɗaya, farin yashi ya manne a jikinsa. Ya ɗauka, ya koma ɗakin, ya rufe ƙofa, ya ajiye shi gaban Bakri.

"Madina ba ta da teku, ya Bakri."

Bakri ya daɗe yana kallon takalmin. Sannan ya zame daga tsaye, ya zauna a ƙasa kusa da gadon.

"Ni na matsa masa," ya ce. "Kullum yana ba jikokinsa labarin bahar, da ranar da ya sauka daga jirgi. Na ce Baba, yini ɗaya ne, mu je ka gani, kafin isha muna gida. Ya ƙi, ya ƙi, har na rantse masa."

"Sai me?"

"Ya ji daɗi, wallahi. Ya ga jirage, ya ce garin ya cika da mutane kamar ranar Arfa. Ya cire takalmi ya sa ƙafa a ruwa yana dariya. Shi ya zaɓi kifin nan. A cunkoson kasuwa ƙirjinsa ya riƙe."

"Akwai asibiti a Jidda."

"Yana nan a gabanmu, ina ganin ƙofarsa. Ya riƙe mini hannu ya ce, idan na shiga nan, nan za a binne ni. Ka rantse mini, Bakri. Sai na ɗauki hanyar Madina."

Insfekta ya tuna da kakarsa. Ita ma haka ta yi ta roƙon Allah ta cika a Madina har ta samu. Ya so ƙwarai ya bar maganar nan, amma dole ya yi tambayar da ta rage.

"A ina ya cika?"

"Da sauran tafiya mai nisa. Ko duwatsun Madina ba mu hango ba." Bakri ya share fuska da hannun riga. "Ya buɗe ido ya ce, mun shigo? Na ce mun shigo, Baba, ga hasumiya can. Ya yi murmushi, ya yi kalimar shahada. Ban taɓa yi masa ƙarya ba sai jiya. So nake in mayar da ita gaskiya, khalas."

Saifuddeen ya gaya masa laifinsa a hankali: ya wuce asibiti da mara lafiya, ya ɓoye mutuwa, ya yi wa hukuma ƙarya. Bai sa masa ankwa ba. Ya bar shi ya sumbaci goshin mahaifinsa, sannan kurtun da suka zo tare ya riƙe masa hannu.

A bakin ƙofa Bakri ya waigo.

"Ni a yi mini duk abin da za a yi. Shi fa? Baƙi'a?"

"Zan rubuta abin da ya faru, zan kuma roƙa masa. Hukuncin ba a hannuna yake ba."

Aka wuce da shi ta tsakiyar masu gaisuwa. Hamid ya taso da sandarsa, bai san komai ba, ya dafa kafaɗar Bakri.

"Ka yi haƙuri, ɗana. Mahaifinka ya dace, ya mutu a inda yake so."